Kokwamba ƴar ƙarama mai saurin yi

Malam, kana tambaya ko ƴar ƙaramar kokwambar nan ta haibirid, wato haɗin iri biyu, da ake jiƙawa a ruwan binega za ta yi a lambun gida, ai za ta yi sosai, in ka ba ta ruwa da taki cikin kwana 40 zuwa 50 ka fara tsinka. Zuba ruɓaɓɓen kashin kaji tukuna, ka bar tazarar santimita 30 tsakanin ramuka, ka kafa mata sanduna da igiya ta hau. Ruwa kullum fa, in ta sha ƙishi sai ta yi ɗaci. Ka riƙa tsinka tun tana kamar yatsa, in ka bari ta girma uwar sai ta rage haihuwa. Kuma kar ka ajiye irinta, F1 ce, wato zubin farko na haɗin iri biyu, baɗi ba za ta fito iri ɗaya ba.