Tambaya da Amsa: Ruwan bama-bamai kaɗai zai gama da 'yan ta'adda?

Tambaya: Malam, jiragen yaƙin ƙasashen waje za su iya murƙushe ƙungiya irin ISIS su kaɗai? Mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: A'a, malam. Jirgi yana rusa abin da ya gani, amma ba ya riƙe gari. Amurka ta fara luguden wuta kan ISIS a Iraƙi a watan Agustan 2014, ƙawayenta suka biyo baya, amma Mosul ba ta kuɓuta ba sai Yulin 2017, bayan sojojin Iraƙi sun shafe kusan wata tara suna gwabzawa gida-gida.

Inda jirgi ke da amfani shi ne idan akwai dakaru a ƙasa da ke nuna masa daidai wurin da zai daka. Haka aka yi a garin Kobani na Siriya, Kurdawa na ba da bayani, jirage na sakin wuta, har aka kori ISIS a Janairun 2015.

Matsalar ita ce mayaƙan ba sa zama jiran bom. Suna watsewa ƙungiya-ƙungiya, su haƙa ramuka, su saje da fararen hula. Kuskure ɗaya kuwa ya isa ya ɓata komai: harin jirgin Amurka kan unguwar Jadida a Mosul a Maris 2017 ya kashe fararen hula sama da 100, kuma irin wannan ne ke ba su sababbin mabiya.

Kashe shugaba ma ba ya kashe ƙungiya. Harin Amurka ya halaka Ahmed Godane, shugaban al-Shabaab ta Somaliya, a 2014, cikin 'yan kwanaki suka naɗa wani.