Kafin ka sake jefa bishof ɗinka a h7

Ka ce min, "Malam, ina so in yi wasan ces irin na Tal. Sau uku ina sadaukar da bishof a h7, sau uku ana lallasa ni. Ina kuskurena?" To zauna, yaro. Ba zan ɓata bakina kan fito da dawaki da ɓoye sarki a lungu ba. Wanda bai san wannan ba bai isa ya ambaci sunan Mikhail Tal, tsohon zakaran ces na duniya, ba.

Sadaukar da bishof a h7, gidan allo da ke kusa da sarkin baƙi, yana da sharuɗɗa, kuma na tabbata ko ɗaya ba ka duba ba. Dokinka na f3 ya iya sauka g5 ba a cinye shi ba, sarauniya ta sami hanyar h5, sojanka yana e5 ya hana dokin baƙi zama a f6. In bishof ɗinsa yana e7, zai ɗauke dokinka a g5 kawai, sai fa in sojanka na h4, ruk na bayansa a h1. In ɗaya bishof ɗinsa zai iya zuwa f5 ya tsare h7, harin ya mutu. Sannan bayan ya ci bishof, dokinka ya sauka g5, sarki yana da mafita uku. In ya koma g8, sarauniya ta hau h5, kuma sau da yawa f7 za ta fara ci, ba h7 ba. In ya je h6, bishof ɗinka na c1 ne zai yi aiki idan doki ya kauce. Wadda ke kashe irinku ita ce g6: sarki ya fito fili, ka yi murna, sai ka ga ba ka da abin bugunsa. Nan dole ka lissafa sarauniya g4, ko h4 da h5, tun hannunka bai taɓa bishof ba.

Shi Tal ɗin da kake kira, duba wasa na shida a karawarsa ta kambun duniya da Botvinnik, zakaran lokacin, a Mosko, 1960. Yana riƙe da baƙi, a motsi na 21 ya ajiye doki a f4 a bakin soja. Hayaniyar 'yan kallo ta yi yawa har aka ɗauke wasan daga dandamali. Amma kalli allon da kyau: ruk biyu sun jeru a layin c, bishof na f5, sarauniya na b4, kuma da sojan e5 ya rama a f4 hanyar bishof na g7 ta buɗe. Babu ɗa guda da ke barci. Daga baya masana sun nuna cewa da Botvinnik ya tura soja a3 a motsi na 23 da ya fi masa. To a gida ne aka gano haka, da shayi a gefe, ba agogo na cin mutum ba. Tal ya ci karawar 12½ da 8½ yana da shekara 23.

Abin da tambayarka ta tono min shi ne 1961, kuma har yau raina yana ɓaci. A lokacin doka ta ba zakaran da aka kayar damar neman fansa bayan shekara guda. FIDE, hukumar ces ta duniya, ta riga ta yanke shawarar soke dokar, amma sokewar ba ta hau kan wannan karawa ba. Tal na fama da ciwon ƙoda, ciwon da ya bi shi har mutuwarsa a 1992. Yuri Averbakh, ƙwararren ɗan wasan Sobiyet, ya ba da labarin cewa Botvinnik ya ce ba zai yarda a ɗage ba sai likitocin Mosko sun tabbatar da rashin lafiyar, Tal kuwa ya ce a buga kawai. Wannan ne kuskuren da ya ci masa kambu. Yaro ya ɗauka dattijo mai shekara 49 ya ƙare, kallon kitse ya yi wa rogo. Shi kuwa Botvinnik shekarar nan duka ya yi ta tankaɗe wasannin Tal. Ya dawo da tsari: a toshe tsakiya da sojoji, a yi musayar sarauniya da wuri, a ja wasa zuwa ƙarshe inda ba sarkin da za a farauta. In babu sarauniya, me za ka kai hari da shi? Wasa 21, Botvinnik ya ci goma, Tal biyar, shida canjaras, 13 da 8. Tal, mutumin da ya doke gwanin Amurka Bobby Fischer sau huɗu a jere a 1959, bai ƙara zama ya buga wasan kambun duniya ba. Da Petrosian ya kayar da Botvinnik a 1963, babu fansa. Tal ne dokar ta yi wa ɗaurin ƙarshe.

Korchnoi, wani gwanin ɗan wasa na zamaninsa, ma ya san maganin Tal: ya karɓi abin da aka ba shi, ya ƙi firgita, ya lissafa, shi ya sa ya fi cin Tal nesa ba kusa ba.

Ku yaran yanzu kuna kallon guntun bidiyo na sakan talatin a waya, ku buga wasan minti ɗaya ɗari a dare guda, ku ce kun gaji Tal. In an cinye ku, ku kunna injin kwamfuta ya nuna muku jan alama, ku rufe ba ku fahimci komai ba. Ba wanda ke faɗa muku cewa tsakanin 1973 da 1974 Tal ya buga wasa 95 a jere ba a kayar da shi ba, kuma 49 daga ciki canjaras ne. Ya ci gasar Tarayyar Sobiyet sau shida, ba da jefa 'ya'ya barkatai ba.

Ga aikinka. Ɗauko wasannin nan uku da ka sha kashi, ka jera su a kan allo na katako, waya a kashe. A kowanne ka ƙirga 'ya'yanka da ke iya isa kusa da sarkinsa cikin motsi biyu, ka ƙirga masu tsaronsa. Ka rubuta g8, g6 da h6 a takarda, ka bi kowace hanya aƙalla motsi biyar. Ka kawo min takardar ranar Asabar bayan la'asar, kuma in na ga rubutun inji a ciki zan gane.