Filin Tambaya da Amsa: Gane Irin Kifin Crenicichla da Bambanta Mace da Namiji

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kiwon kifin ado a akwatin gilashi a gidana da ke Garwa, kuma kwanan nan na sayi wasu kifaye biyu dogaye masu tsinin baki a hannun wani ɗan kasuwa da ke kawo kaya daga Duwala. Ya ce sunansu Crenicichla, kuma mace da namiji ne. Kowannensu bai wuce tsawon yatsa ba, suna da baƙin layi daga ido zuwa wutsiya, yanzu kuma ɗaya ya hana ɗaya sakat. Wane iri ne, kuma yaya zan tabbatar da maganar mai sayarwa? Daga wani mai karatu, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Crenicichla kifin kogunan Kudancin Amurka ne, musamman yankin Amazon, kuma danginsa ɗaya da karfasar da masunta ke kamawa a Binuwai da madatsar Lagdo, duk da siffar tasu ta bambanta. Idan kana so ka tabbatar, ka sayo karfasa ɗanya ka kwatanta: dukansu ƙofar hanci ɗaya gare su a kowane gefen fuska, layin da ke gefen jikinsu ya rabu biyu, na sama da na ƙasa, kuma gaban fiffiken bayansu ƙayoyi ne masu tauri. Masani Johann Jakob Heckel ne ya raɗa musu wannan suna a 1840, kuma an san iri fiye da 90. A 2023 masu bincike suka raba su zuwa gidaje da dama, amma 'yan kasuwa har yanzu tsohon sunan suke kira.

Shawarata ita ce ka ajiye batun mace da namiji tukuna, ka fara gano rukunin da kifinka yake, domin alamar da ke nuna mace a wani rukuni ba lalle ta fito a wani ba. Baƙin layin da ka ambata ba zai raba gardama ba, tunda ƙananan ire-ire masu yawa suna ɗauke da shi. Ka duba bayan murfin da ke gefen kai, inda kifin yake fitar da ruwa. Idan akwai baƙin tabo a wurin, sannan daga baya wasu ɗige-ɗige masu ƙyalli suka fara bayyana a gefen jiki, mai yiwuwa ɗan rukunin saxatilis ne, wanda yakan kai santimita 20 zuwa 25. Idan ɓawon jikinsa ƙanana ne sosai har fatar ta yi sumul, kansa kuma cike da ɗige da zane, to ka yi zaton rukunin lugubris, waɗanda suke kaiwa santimita 30 zuwa 40, suna kuma sauya launi gaba ɗaya idan sun girma, har mai su ya yi tsammanin an musanya masa kifi. Gajerun ire-ire kamar regani da compressiceps kuwa da ƙyar suke wuce santimita 12.

A nan ne girman kifinka yake da muhimmanci. Idan gajeren iri ne, tsawon yatsa ya kusa balaga, kuma macen regani tana da baƙaƙen tabo zagaye da fari a fiffiken baya, abin da namiji ba shi da shi. Idan kuwa babban iri ne, to har yanzu 'ya'ya ne, kuma duk wanda ya ce maka ya ware mace da namiji a wannan girma, canki-canka ya yi. Sai sun balaga cikin mace yake cika ya yi ja ko ruwan hoda, sau da yawa kuma farin layi yakan bi kusa da gefen fiffiken bayanta. Namiji yakan fi tsawo, ƙarshen fiffikensa na baya da na ƙasa ya fi tsini, kuma a rukunin saxatilis ya fi mace yawan ɗige masu ƙyalli. Hanya mafi tabbas ita ce duba ɗan tsiron da ke bayan dubura gab da lokacin saka ƙwai: na mace mai kauri ne marar tsini, na namiji siriri ne mai tsini. Ban so sabon mai kiwo ya riƙa ciro kifi daga ruwa don wannan dubawa ba, gara ya leƙa ta gilashi.

Korar da kake gani ba hujja ba ce cewa maza biyu ne, domin wannan kifi mafarauci ne mai kishin wurinsa, kuma namiji yana iya hallaka macen da ba ta shirya ba. Ka sa musu fasassun tukwanen ƙasa ko guntayen bututun roba don kowa ya sami maɓoya, ka raba akwatin da raga idan cizon ya kai ga yaga fiffike, kuma ka rufe samansa da kyau, saboda suna tsalle. Idan ka sake haɗuwa da mai sayarwa, ka tambaye shi sunan kogin da aka samo asalin kifin, domin ire-ire da yawa kogi ɗaya kawai ake samunsu, kamar compressiceps na kogin Tocantins a Brazil. Ka aiko mana da hoto daga gefe, fiffiken baya a buɗe, bayan wata uku ko huɗu.