Gyara ko Sauyi? Amsar Tambayoyinku kan Kundin Wiki

Tambaya: Malam, muna tsara shafin da ke nuna duk abin da aka taɓa a manhajar wiki, wato shafin intanet da jama'a ke iya taɓa rubutunsa. Mu kira shi tarihin gyare-gyare ko tarihin sauye-sauye?

Amsa: Sauye-sauye, ɗana. Da ka ce gyara, ka yanke hukunci ke nan cewa abin da aka yi ya fi na da kyau. Wanda ya share rabin maƙala ya cusa ashar, shi ma da layinsa a kundin. Gyara ya yi? Na rasa dalilin da ya sa 'yan zamani ke kiran kowace taɓawa gyara. Aikin kundi ya faɗi abin da ya faru kawai. A MediaWiki, manhajar Wikipedia, kowane layi na ɗauke da lambar siga (wato yadda shafin yake bayan sauyin), lambar wadda ta gabace ta, sunan mai sauyin, lokaci bisa agogon duniya na UTC, girman shafi da ɗan bayani. Kada ku raina lambar sigar baya. In mutum biyu suka buɗe shafi lokaci guda, dole manhajar ta san sigar da kowa ya fara aiki a kai, in ba haka ba na biyu zai danne aikin na farko ba wanda ya sani.

Tun da an zo nan, bari in amayar da abin da ke cina. Girman shafi da bayit ake auna shi, wato ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta, kuma a tsarin adana haruffa na UTF-8 harafin k bayit ɗaya ne, ƙ biyu. Wanda ya mai da "kasa" ta zama "ƙasa" zai ga +1 a kundin, alhali ma'ana ce sukutum ta sauya. A da, bayanin sauyi a MediaWiki ba ya wuce bayit 255, sai a 2018 aka mai da shi haruffa 500. Ku yi naku ƙidayar da haruffa, kada mai sa lanƙwasa a haruffa irin su ƙ ya cutu, malalacin da ba ya sa ta ya ci riba.

Tambaya: Mene ne bambancin warwarewa da mayarwa?

Amsa: Warwarewa cire sauyi guda ne a bar na bayansa, kuma ba ta yiwuwa in wani ya sake taɓa wurin. Mayarwa kuwa komar da shafin ne kacokan ga wata tsohuwar siga. Kowaccensu sabon layi take ƙarawa, ba ta share tsoho.

Tambaya: Baba, karin maganar nan "magana zarar bunu ce" ta dace da kundin?

Amsa: Ta dace, 'yata, sai dai a ce "zarar", daga zara, na ji masu cewa "sarar". Bunun da aka zaro daga jinka ba ya komawa. In wani ya rubuta lambar wayar mutum a shafi, cire ta daga sabuwar siga bai wadatar ba, tana nan a tsohuwa. Shi ya sa ake ba masu kula ikon ɓoye abu uku daban-daban: rubutun sigar, bayanin, da sunan mai sauyin. Layin kansa yana nan, an ja masa zane. Saboda haka ku rubuta "ɓoye" a maɓallin, "goge" yaudara ce.

Tambaya: Ƙaramin sauyi ko ƙanƙanen sauyi?

Amsa: Ƙarami. Mai sauyin ne ke sa alamar "ƙaramin sauyi" da hannunsa, don haka kada masu sintirin duba sauye-sauye su dogara da ita.