Amsa ga 'yar'uwar da ta tsinci tiramol a aljihun ƙaninta

Salamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce wajen wanki kika tsinci katin tiramol, ƙwayar nan ta kashe ciwo, a aljihun ƙaninki mai tuƙa babur a garin Garwa na Kamaru, kina tambaya ko ki gaya wa Baba a yi masa dukan tsiya ya bari. Don Allah ki dakata. Ni mun yi wannan dukan, a kan ƙanina, kuma ba abin da ya tsinana.

Shekara tara na yi ina haya da babur tsakanin Yalwa da babbar kasuwa kafin na koma gyara. Yaro ba ya fara sha don iskanci. Mai babur yana jiran kuɗinsa kullum da yamma, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, baya na ciwo, sai abokin aiki ya miƙo masa ƙwaya ɗaya a teburin mai shayi ya ce jefa a kofi. Ranar zai yi aiki har dare bai ji yunwa ba. Bayan wata biyu ɗaya ba ta isa.

Ki juya katin ki duba lamba. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ko mai ciwo mai tsanani likita ba ya barinsa ya wuce 400 a yini. Na bakin titi kuwa za ki ga 200 ko 225, yawanci daga Indiya. Ƙwaya biyu ke nan ya kai iyaka. Ƙanina kuwa biyar yake afawa. Abin da ya farkar da mu, wata rana bayan la'asar ya faɗi daga kan babur yana shure-shure, kumfa a baki, ya ciji harshensa. Inna ta ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Farfaɗiyar ƙwaya ce.

 

Kuskurenmu shi ne kulle shi a ɗaki muka yanke masa lokaci guda. Kwana uku yana zufa, yana gudawa, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, barci ya gagara, yana kuka kamar yaron goye. A na huɗu ya ɓalle taga, ya dawo ya fi da.

Karo na biyu likita muka kai shi, ya tsara masa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Na je na roƙi mai babur ya karɓi abinsa, na ɗauke shi garejina, don in ya koma tashar nan da abokan nan, aikin banza ne. Sau biyu ya zame, ban fasa ba.

Ki same shi shi kaɗai, ba gaban ƙanne ba, kuma da safe kafin ya sha. Tambaye shi guda nawa, tun yaushe, yana haɗawa da wani abu kamar wiwi ko maganin barci, don haɗin da maganin barci ko giya shi ke tsayar da numfashi. In kina da kawu mai sanyin hali, shi ya kamata ya shigar da maganar wurin Baba. In kuwa ya taɓa faɗuwa ko sau ɗaya, ki karɓe makullin babur yau, gobe ku wuce asibiti.