Tambayoyinku Kan Fasaha: Ƙirƙirarriyar Basira, Mutum-mutumi da Karatun Yaranmu a Zariya

Assalamu alaikum. Yawancin saƙonnin da suka shigo a wannan karon daga ɗalibai da malamai da iyaye suke, kuma kusan duk sun karkata ne ga ƙirƙirarriyar basira da yadda ta shigo harkar karatu. Na ɗauki waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Samaru, ina shekarar ƙarshe. Na ce wa ChatGPT ya ba ni littattafai da maƙalu kan batun furojet ɗina, ya jero mini guda goma har da sunayen marubuta da shekaru. Na je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, na kuma duba intanet, huɗu kawai na samu. Ina sauran suka shiga?

Amsa: Ƙanwata, mai yiwuwa ne ƙwarai sauran shidan ba a taɓa rubuta su ba. Kin kyauta da kika je kika duba kafin ki miƙa wa malamin da ke kula da aikinki.

ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI ya fitar a ƙarshen Nuwamban 2022, ba rumbun littattafai ba ne da yake buɗewa ya ɗauko miki abu. An ɗura masa rubutu ne mai ɗimbin yawa, aka horar da shi ya riƙa hasashen wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Da haka yake gina jimla, da haka yake gina shafi. To shi sunan maƙala yana da siffa sananniya: sunan marubuci, shekara, take, sunan mujalla, lambar shafi. Ƙirƙiro abin da ya yi kama da wannan ba ya ba shi wuya ko kaɗan. Wani lokaci ma sunan farfesa na gaskiya zai ɗauko ya liƙa masa aikin da bai taɓa yi ba, kuma wannan ya fi haɗari, domin sunan zai sa ki saki jiki.

Ba ɗalibai kaɗai abin ya taɓa ba. A 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da wasu shari'o'i da ChatGPT ya ƙirƙiro musu, waɗanda ba a taɓa yin su ba.

Abin da za ki yi: duk taken da ya ba ki, ki kwafe shi ki zuba a Google Scholar, shafin binciken maƙalun ilimi. Idan ya haɗa miki da lambar DOI, wato lambar shaida da ake ba maƙala, ki sa ta a shafin doi.org ki ga ko za ta kai ki ga maƙalar da ya ambata ko wata daban. Abin da ba ki buɗe da hannunki kin karanta ba, kada ya shiga furojet ɗinki. Inda ya fi amfani shi ne ki samo maƙalar da kanki, ki ba shi sakin layin da ya shige miki duhu, ki ce ya warware miki da sauƙaƙan kalmomi. Ko a nan ma ki koma kan asalin rubutun ki gwada.

Tambaya: Ni malami ne a wata babbar makaranta a nan Zariya. Wace manhaja ce za ta nuna mini ɗalibin da na'ura ta rubuta wa aiki?

Amsa: Ranka ya daɗe, akwai su da yawa, amma ba zan ba ka shawarar ka kayar da ɗalibi da hujjarsu kaɗai ba. Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da irin wannan manhaja a farkon 2023, ya janye ta a watan Yulin shekarar saboda yawan kuskurenta. A shekarar kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji a kan rubutun mutanen da Turanci ba harshensu na gado ba ne, sai manhajojin suka riƙa cewa na'ura ce ta rubuta fiye da rabin rubutun, alhali mutane ne. Dalili shi ne wanda ya koyi Turanci a makaranta yakan tsaya kan kalmomi sanannu da jimloli masu sauƙin hasashe, kuma alamar da manhajojin ke nema ke nan. Ɗalibanmu duka a wannan rukunin suke. Abin da ya fi tabbas shi ne ka kira ɗalibin na minti biyar, ka buɗe shafi ɗaya ka ce ya yi maka bayani da baki, ka tambaye shi inda ya samo wani adadi. Wanda ya yi aikin za ka gane, wanda bai yi ba ma za ka gane.

Tambaya: Malam, wani zobe mai shuɗi-shuɗi ya fito mini a WhatsApp, an ce Meta AI ne. Yana karanta hirata da iyalina? Daga Kofar Doka.

Amsa: Alhaji, hirarka da iyalinka a kulle take tun daga wayarka har zuwa tasu. Amma abin da ka rubuta wa shi Meta AI ɗin (wato ƙirƙirarriyar basirar kamfanin Meta, mai WhatsApp) kai tsaye, ko saƙon da aka ambaci sunansa a cikin guruf, yana isa ga kamfanin. Saboda haka kada ka tura masa lambar BVN, ko NIN, ko hoton katin banki. Kuma idan za ka sauke irin waɗannan manhajoji a Play Store, ka duba sunan kamfanin da ke ƙasan sunan manhajar, domin akwai na bogi masu kwaikwayon tambarin na gaskiya suna cirar kuɗi duk mako.

Tambaya: Ɗana yana da shekara goma sha uku, ba ya barin rediyo ko tocila sai ya kwance ta. Yanzu ya ce mutum-mutumi yake so ya haɗa. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, ban san komai a kai ba. Ta ina za mu fara?

Amsa: Baba, Allah ya raya shi. Wannan tambayar ta faranta mini rai, kuma roƙona na farko shi ne kada a dake shi don ya kwance rediyo, a nemo masa matacciya a wajen masu gyara ya yi ta kwancewa. Talabijin irin ta da mai ƙusumbi ce kawai za a hana shi, da duk abin da ke haɗe da wutar gida, domin tsohuwar talabijin tana riƙe wuta mai ƙarfi a cikinta ko bayan an zare ta.

Idan an ce mutum-mutumi, mutane sukan hango wani abu mai kai da ƙafafu. Masu wannan fannin kuwa abu uku suke dubawa: na'urar ta ji abin da ke kewaye da ita, ta yanke shawara, sannan ta motsa. Ƙaramar mota ta kwali da ke juyawa idan ta hango bango ta cika sharuɗɗan nan uku.

Abin da ake farawa da shi sunansa Arduino Uno, wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, wanda aka fara irinsa a Italiya a 2005 domin ɗalibai. Zai buƙaci wannan allon, da ƙananan injina biyu masu juya taya, da ɗan allon da ke ba su wuta mai lamba L298N, da batura, da na'urar auna tazara mai lamba HC-SR04. Ita wannan ta ƙarshen tana da kamar idanu biyu: ɗaya yana fitar da sautin da kunnenmu ba ya ji, ɗayan yana jiran sautin ya bugi abu ya dawo. Da yake sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo shi ke nuna nisan bangon. Ka ga yaron da ya haɗa wannan ya yi lissafi da kimiyyar da ake koya masa a aji, ba tare da an ɗaga masa bulala ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ya fara da Scratch, manhajar kyauta ce daga jami'ar MIT da ke koya wa yara ba kwamfuta umarni ta hanyar jera tubalai masu launi, kuma ana iya sauke ta a yi aiki ba intanet. Sai shafin Tinkercad, inda zai haɗa Arduino na gwaji a fuskar kwamfuta, ya ƙona shi sau ɗari ba asara, amma shi yana buƙatar data. Idan bayan wata biyu yana nan a kai, to a sayi kayan. Kuma muna garin da ke da ɗaliban injiniyanci a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli. Ka nemi ɗaya mai natsuwa a unguwarku ya riƙa zama da shi ranar Asabar.

Tambaya: Ina da makarantar firamare da ƙaramar sakandare a Tudun Wada. Iyaye suna matsa mini in sayi tablet ga kowane yaro. Ya dace?

Amsa: Hajiya, ni dai ba da nan zan fara ba. An gwada raba wa kowane yaro kwamfuta a ƙasar Peru ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, aka raba dubban ɗaruruwa. Binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma makinsu na lissafi da harshe bai ƙaru ba. A nan gida kuma, a 2024, an yi wani gwaji a makarantun sakandare a Benin ta Jihar Edo tare da Bankin Duniya: na mako shida ɗalibai suna zama bayan an tashi, suna koyon Turanci da ƙirƙirarriyar basira, malami yana tsaye a kansu yana ba su abin da za su tambaya, yana gyara inda na'urar ta kauce. Waɗannan sun fi takwarorinsu ƙoƙari a jarrabawa. Bambancin gwaje-gwajen biyu, a ganina, malamin ne.

Ga kuma wuta. Tablet ɗari na nufin caji ɗari kullum, da fasassun gilasai kafin ƙarshen zango. Da kuɗin ki haɗa ɗaki guda mai sola da kwamfutoci goma zuwa goma sha biyar, ki sa manhajar Kolibri, wadda kyauta ce kuma an yi ta ne domin wuraren da ba intanet: kwamfuta ɗaya ke riƙe darussan, sauran su ɗauka daga gare ta. Ki ware wani kaso na kuɗin domin horar da malamanki. Yaranki kuma za su saba da madannai tun da wuri, abin da zai taimake su ranar JAMB, tunda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta.

Tambaya: Malam, ina karanta injiniyancin kwamfuta. Ina so furojet ɗina ya zama manhajar waya da za ta gane cutar masara daga hoton ganye. Na samu hotuna a intanet, gwajina ya ba ni kashi 98 cikin ɗari. Na gama ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, ka zaɓi batu mai kyau, amma yanzu aikin ya fara. Ina kyautata zaton hotunan PlantVillage, wani shirin bincike kan cututtukan tsirrai, ka ɗauko, masu kimanin 54,000. A 2016 wasu masu bincike suka horar da na'ura da su, suka samu sama da kashi 99. Da suka gwada ta da hotunan da aka ɗauka a wani yanayi daban, sai ta faɗo zuwa kusan kashi 31. Su da kansu suka bayyana haka. Dalili shi ne hotunan farko yawanci ganye ɗaya ne a tsinke, a kan shimfiɗa mai launi guda, da haske mai kyau. A gona kuwa ga rana tsaka, ga inuwa, ga ciyawa, ga ganye a kan ganye, ga kyamarar waya mai araha da ƙura ta rufe.

Saboda haka ka ɗauki wayarka ka shiga gona da damina, ta wajen Shika ko Giwa ko Soba, bayan ka nemi izinin masu gonakin. Ka ɗauki hotuna da safe da rana da yamma, da wayoyi daban-daban, na lafiyayyen ganye da na mai ciwo. Sai babban aikin: wa zai tabbatar maka wannan ɓarnar tsutsar nan ce da ta shigo Najeriya a 2016, wannan cutar zane-zanen ganye ce, wannan kuma ƙarancin taki ne kawai? Kai ba masanin tsirrai ba ne, ni ma haka. Amma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda ke fitar da irin masarar SAMMAZ, tana nan Samaru kusa da kai, ga kuma NAERLS ta malaman gona. Mutane na tasowa daga nesa domin abin da kai za ka taka da ƙafa ka samu. Ka sa malaminka ya rubuta maka takarda zuwa gare su.

Wajen gwaji kuma ka kiyaye abu ɗaya da ke yaudarar ɗalibai da yawa: kada hotunan gona ɗaya su rabu, wasu a horarwa wasu a gwaji. Ka ware gonaki sukutum waɗanda na'urar ba ta taɓa gani ba, ka gwada ta da su. Makin zai sauka, wataƙila sosai. Ka rubuta shi yadda ya fito, ka nuna irin hotunan da ta fi kuskure a kansu da abin da kake ganin ya jawo. A wajena kashi 70 na gonar Giwa ya fi kashi 98 na hoton intanet daraja, kuma duk malamin da ya san fannin zai gane haka.

Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ka yi horarwar a Google Colab, shafin da ke ba ka aron ƙarfin kwamfutocin Google ta intanet, akwai na kyauta. Ka zaɓi ƙaramin tsari irin MobileNet, ka matse shi da manhajar TensorFlow Lite (wadda aka sauya wa suna zuwa LiteRT a 2024) domin ya zauna a cikin wayar ya yi aiki ko ba sabis, kamar yadda manhajar Nuru ta PlantVillage ke yi. Sannan sakamakon ya fito da Hausa, da murya in zai yiwu, domin manomi da yawa sun fi son saurare a kan karatu. Muryar ba sai ka wahalar da kanka da na'ura ba: cututtukan da za ka sa ba za su wuce biyar ko shida ba, sai ka nemi malamin gona ya faɗi bayanin kowacce da abin da ya kamata a yi, ka naɗa ka saka a ciki. Ka kuma tanadi amsa ta musamman da manhajar za ta bayar idan hoton bai fito ba ko ba ta da tabbas, ta ce a sake ɗauka ko a nemi malamin gona, domin kada manomi ya je ya sayi maganin feshi a kan cutar da ba ita ba.