Jarrabawar AP ta ilimin halayyar ɗan Adam: abin da za a saya da abin da za a bari

Wasiƙun wannan mako daga 'yan uwanmu mazauna Amurka suka fito, waɗanda 'ya'yansu ke shirin rubuta jarrabawar AP Psychology, wato ilimin halayyar ɗan Adam na matakin shiga jami'a, wadda hukumar College Board ke shiryawa duk watan Mayu.

Wata uwa daga Bronx ta ce: "Maƙwabciyata ta ba 'yata littafin shirin jarrabawa da ɗanta ya yi amfani da shi a 2022. Tsaf yake, ko zane babu. Ya zama dole in sayi sabo?"

Hajiya, ki yi wa maƙwabciya godiya, amma ki sayi sabo. An sauya jarrabawar daga zangon karatu na 2024 zuwa 2025. A da tambayoyin canki-canka 100 ne cikin minti 70, kowace da zaɓi biyar. Yanzu 75 ne cikin minti 90, zaɓi huɗu. An dunƙule darasin zuwa babi biyar: ƙwaƙwalwa da jiki, tunani, girma da koyo, zamantakewa da ɗabi'a, sai lafiyar jiki da ta hankali. Tambayoyin rubutu biyun ma ba irin na da ba ne. Bayanin masanin kimiyya Pavlov da gwajin karnukansa bai canza ba, za ta iya karanta shi a tsohon littafin, amma gwaje-gwajen da ke bayansa na jarrabawar da aka daina yi ne. Sabon bugu bai cika wuce dala ashirin da 'yan kai ba. Ki duba shekarar da ke bangon, kada hoton da mai sayarwa ya ɗora a intanet ya ruɗe ki. Littafi ɗaya ya isa, ba sai uku ba.

Wani uba daga Houston ya ce: "An haɗa ni da wani a Telegram da ke da tambayoyin da za su fito bana, dala 150. Ya turo min hotunan sakamakon waɗanda suka saya bara. Yaya ka gani?"

Alhaji, abin da na gani shi ne mun tsallaka teku da "expo" a aljihu. Wannan ita ce sana'ar da ake yi wa 'yan WAEC da JAMB a gida, an dai mayar da farashin zuwa dala. Hoton sakamako kuwa yaro mai waya zai haɗa maka shi kafin shayi ya huce. Abin da waɗannan mutane ke turowa yawanci tsoffin tambayoyin rubutu ne da College Board da kanta ta saki kyauta a shafinta, tare da yadda aka ba da maki. Wato ka biya kuɗin abin da yake a banza. Idan ma ba su toshe lambarka ba da zarar kuɗin ya shiga.

To a ɗauka ma gaskiya ce, tambayoyin ne na ainihi. Nan ne fa masifar take. Hukumar tana soke sakamakon ɗalibin da ta gano ya ga tambayoyi kafin jarrabawa, tana kuma iya hana shi sauran jarrabawoyinta, ita ce kuma mai SAT, jarrabawar neman shiga jami'a. Yaron da ya sha wahalar shekara guda a aji, kai da hannunka za ka jefa shi a wannan rami? Kuɗin rajista kusan dala 100 ya tafi, 150 ɗinka ta tafi, sunan yaro ya ɓaci a makaranta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne iyayen da za su yi ta ciniki a kan littafin dala ashirin, su ne ba sa ƙyafta ido wurin tura wa baƙon da ba su taɓa gani ba ninkin hakan fiye da sau bakwai. Kuma yaro yana kallo. Gobe in ya shiga jami'a ya sayi aikin gida, da wane baki za ka yi masa faɗa?

Akwai ƙannen wannan damfara: masu sayar da "taƙaitaccen bayani na sirri" da aka kwafo daga katunan bita na kyauta, da masu alkawarin "5 tabbas ko a mayar maka da kuɗinka". Babu mai iya lamunce maka 5, wato maki mafi girma a jarrabawar. Duk wanda ya ce zai iya, rufe wayarka.

Wata ɗaliba daga Maryland ta ce: "Ina karantawa ina mantawa. Kalmomin sun yi yawa, har kuka nake yi da dare."

'Yata, share hawayenki, ba ke kaɗai ba ce, kuma maganin yana cikin darasin da kike karantawa. Tun 1885 masanin halayyar ɗan Adam Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan karatu, sannan ta lafa. Saboda haka minti ashirin kullum ya fi awa huɗu daren Lahadi. Ki daina maimaita karanta shafi. Rufe littafin, ki tambayi kanki, ki ba kowace kalma misali daga gidanku: ƙaninki da ke wanke kwano don Mama ta daina yi masa faɗa, wane irin ƙarfafa hali ne wannan? Haka tambayoyin suke zuwa, a labari, ba a ma'ana tsura ba. Ki roƙi malaminki ya buɗe muku gwaje-gwajen AP Classroom, shafin College Board na ɗalibai, kyauta ne, da bidiyoyin AP Daily. Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta yanzu, cikin manhajar Bluebook, don haka ki shiga ki saba da ita tun kafin ranar. Kada ki bar tambaya ko ɗaya ba amsa, ba a rage maki don kuskure. Barci kuma ki yi shi, babin tunawa ya gaya miki dalili.

Wani ɗalibi ya ce: "An ce ita ce AP mafi sauƙi. Mako guda kafin jarrabawa ya ishe ni?"

Ɗana, wanda ya gaya maka ka tambaye shi nawa ya ci. Bai isa ba.

Wata uwa daga Atlanta ta ce: "An ce in ɗauko malamin lesin, dala 80 a awa. Ya cancanta?"

Hajiya, kafin ki cire ko sisi, ki fara duba jami'o'in da yaron ke hari. Ana ba da maki daga 1 zuwa 5. Wasu jami'o'i suna yafe wa ɗalibi darasin shekarar farko da 3, wasu sai 4 ko 5, wasu ba sa yafewa sam, kuma College Board tana da shafin da za ki duba ƙa'idar kowace jami'a. In kin ga akwai riba, ki biya awa uku ko huɗu kawai, a kan tambayoyin rubutu, domin su ne kashi ɗaya cikin uku na makin. Ta farko za a ba shi taƙaitaccen bincike guda ya faɗi hanyar da aka bi, ko an kiyaye haƙƙin waɗanda aka yi binciken a kansu, da ko sakamakon zai shafi kowa. Ta biyu bincike uku za a ba shi, ya kafa hujja da su. A nan ne idon gwani ke da amfani. Ki tambayi malamin ko ya koyar da sabon tsarin; in ya fara kame-kame, nemi wani. In kuma kuɗin rajistar ma ya yi nauyi, ki sa yaron ya ga jami'in AP na makarantarsu tun farkon zango, akwai ragi ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi, kuma rajistar da ta makara bayan wa'adin Nuwamba tana jawo tarar dala 40.